Rajista Biyun da Ba a Ajiye Ba

A farkon daminar 1978, akwai wata tashar gwajin iri a bakin hanyar da ta tashi daga Kafanchan ta nufi Kagoma. Ba wani babban wuri ba ne: gine-gine huɗu, rumbun citta, sai gonakin gwaji da aka yayyanka kamar gadaje, kowace da ɗan allonta mai lamba. A ɗakin ƙarshe, wanda aka toshe wa tagogi aka sa masa na'urar sanyi, nan kwamfuta take. Kada ku kawo irin ta yanzu a ranku. Wannan ta kai kabad biyu girma, gabanta jere da 'yan fitilu da makunnai. Tef na takarda mai huji-huji take ci, ta ba da amsa ta bakin wata tafireta mai ƙara kamar ana sussukar acca. Mutanen tashar ba su wahalar da bakinsu, Injin kawai suke ce mata.

Mai kula da Injin ita ce Emilia Tagwai, 'yar shekara ashirin da shida. Malamar lissafi ce a da, aka ga kanta yana ja, aka tura ta kwas na wata tara. Tun da Baturen da ya kafa Injin ya koma ƙasarsu, ita kaɗai ce a duk yankin ta san yarensa.

Bari a ɗan yi bayanin halin Injin, don a nan maganar take. Yana da babban rumbu a cikinsa, inda abin da aka zuba yake zama ko an ɗauke wuta. Amma abin da yake aiki da shi a daidai wannan ƙiftawar ido, a wasu 'yan gurabe takwas yake riƙe shi, ana kiransu rajista. Kamar dai gishirin da mace ta ɗebo a tafin hannu tana shirin zubawa a miya. Su waɗannan, wuta na ɗaukewa, abin da ke cikinsu ya tafi. Saboda haka akwai wata uwar umarni da ke zaune a cikin Injin dare da rana. Da ya ji wuta ta fara rauni, sai ya saki aikin da yake yi ya ruga wurinta, ita kuwa ta kwashe rajistan nan ɗaya bayan ɗaya ta zuba a rumbu kafin fitila ta mutu. Wuta na dawowa ta mayar da kowace gurbinta, Injin ya ɗora daga inda ya tsaya, kamar ba a taɓa kiransa ba.

Kullum ana ganin wannan, saboda Kambai mai janareta. Tsohon soja ne da ya dawo da ɗingishi da doka guda: ƙarfe ɗaya na rana babban janareta zai huta, ƙaramin ya karɓa. Ko wane ne ya zo, ba ya ɗagawa. Yana juya wuta fitilu su mutu, a ƙirga uku, su dawo, Injin ya ci gaba da ƙyafta idanunsa. Har baƙi ake kawowa kallo. Manajan tashar yakan ce musu, “Kun gani? Wannan ba ya mantuwa.”

To, akwai Kawu Zamani, yayan mahaifiyar Emilia. Shekara goma sha tara yana riƙe da littafin awo na tashar. In an haƙe citta, shi ne zai ɗora ta kowace gona a kan sikeli, ya duba, ya sake dubawa, ya rubuta da fensir. Dattijon coci ne kuma, shi ke karanta Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi kafin wa'azi. Shi ya koya wa Emilia ƙidaya da gutsattsarin citta tun ba ta isa shiga makaranta ba.

Awon da ya yi na bara aka huda a kan tef, Injin ya yi awa biyar yana lissafi, aka aika sakamako Kaduna. Bayan mako uku takarda ta dawo da zafi. Gonaki goma sha ɗaya na bakin rafi sun nuna wai ƙaramar cittar da ake kira yatsun biri ta ninka babbar, tafin giwa, sau uku wajen amfani, abin da ko yaron goye a ƙasar citta zai yi wa dariya. Kaduna ta ce Injin ba ya ƙarya, don haka mai littafi ne ya zauna a inuwa ya ƙirƙiro lambobi. Ranar Juma'a za a turo mutum, da takardar kora a jakarsa.

Emilia ba ta gaya wa kowa ba, ranar Asabar da sassafe ta je ta sake ba Injin tef ɗin. Kafin sha biyu ya gama, kuma gonakin bakin rafi suka fito daidai da hankali. Ranar Litinin ta shiga ofishin Mista Wilfred, manajan tashar, tana riƙe da takardar kamar ta tsinci zinariya.

Mista Wilfred ya karanta, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

“Tef ɗaya kika ba shi?”

“Tef ɗaya, sa.”

“Umarni ɗaya?”

“Ban taɓa ko harafi ba.”

“Emilia, ke kika tsaya a ɗakin can kika koya mana cewa abin nan ba shi da amsa biyu ga tambaya ɗaya. Ko ba ke ba ce?”

“Ni ce.”

“To yanzu ga amsa biyu a kan teburina.” Ya ajiye su gefe da gefe. “Kawunki ne. Asabar kika zo, ba kowa. Tef ɗin a kabad ɗinki yake kwana. Littafin da fensir aka rubuta shi, a gidansa yake kwana. Ni na san ki tun kina ɗaukar jakar uwarki zuwa coci. Mutumin Kaduna bai san ki ba. Me kike so ya ce?”

Sai a lokacin ta ga ramin da ta haƙa. Ta zo fitar da kawunta, ta ƙara masa nauyi. Mista Wilfred ya miƙa hannu ta ba shi tef ɗin, ya kulle a durowa, ya sa makullin a aljihun gaba.

“In kina da magana, ki kawo ta Juma'a. Amma ki kawo dalili, ba hawaye ba.”

Talata da Laraba ta yi su a ɗakin sanyi. Ta sa Injin ya gwada rumbunsa gurbi-gurbi, lafiya lau. Ta gwada na'urar karanta tef, lafiya lau. Ta gwada sabon allon ninkawa, wani faifai da aka aiko a watan Fabrairu don lissafi ya yi sauri, wanda ita da kanta ta zura a cikin Injin, shi ma lafiya lau. Ta bi umarnin lissafin layi-layi da rula har idanunta suka fara ganin lambobi a bango. Ba ta sami komai ba. Injin yana ta ƙyafta mata ido kamar wanda bai san an yi ba.

Laraba da yamma ta biya gidan Kawu. Ta same shi a bayan gida yana rufe kunyoyin cittarsa da ciyawa. Ya ɗago ya yi mata murmushi.

“Malama mai Injin. An tashi?”

“An tashi, Kawu.”

“Na ji abin da kika yi Asabar. Kada ki sake. Ni na ci zamanina, ke yanzu kika fara.”

“Kawu, awonka daidai ne. Na gani da idona.”

“Na sani. Ni na auna.” Ya ci gaba da shimfiɗa ciyawa. Can ya ce, “Na je wurin Fasto. Na ce ya nemi wani ya yi karatu ran Lahadi.”

Ta san abin da ke biye. In aka kori dattijo a kan shaidar ƙarya, majalisar coci ba ta da zaɓi: za a sauke shi, a mayar da shi bencin baya kusa da ƙofa, wata shida ba ya cin jibin Ubangiji, kowa mai shiga ya gan shi. Aikin tashar ma da sauƙi. Bencin nan ne zai kashe shi.

“Ba a yanke ba tukuna,” in ji ta.

“Ba a yanke ba. Amma ba zan buɗe Littafi a gaban mutane suna kallon bakina suna tuna sikeli ba.”

Alhamis da la'asar ta dawo gida da ciwon kai, ta tarar da mahaifiyarta, Mama Lucia, ta ɗaura ɗankwalin Zumuntar Mata. Ita ce shugabar waƙa, kuma ko gida na cin wuta ba ta fasa koyon waƙar Alhamis.

“Ɗauko min tulun kiɗa ki biyo ni.”

“Mama, kaina.”

“Kanki zai fi ciwo in kin zauna kina kallon bango. Ni ma ɗan'uwana ne, ba ke kaɗai ke da shi ba. Tashi.”

Cocinsu yana dab da layin dogo, tsakaninsu da ƙarfen jirgi bai fi taku arba'in ba. Duk wanda ya tashi a unguwar ya san al'adar. In ana waƙa jirgi ya taho, ba a gasa da shi. Mama Lucia za ta ɗaga hannu, kowa ya yi shiru ya ɗora yatsa a kan layin da aka tsaya. Mama Angelina kuwa, wata tsohuwa mai kunne kamar na zomo, ita ce mai riƙe murya. Za ta toshe kunne ɗaya, ta riƙe sautin da aka tsaya a kansa a maƙogwaro, tana gunji a hankali har taragon ƙarshe ya wuce. Sai ta buɗe baki ta sake shi, kowa ya kama, a ɗora. Shekara da shekaru haka ake yi, ba a taɓa ɓata ba.

Emilia ta zauna a benci na uku da tulu a cinya, hankalinta yana tashar. Matan suka kama waƙa. Tun bikin tashin Almasihu suka koyi rerawa da murya biyu, manya a sama, wasu mata shida a ƙasa, abin gwanin daɗi. Suna tsakiyar baiti na biyu jirgin kaya ya yi kuka daga wajen tasha. Hannu ya tashi. Yatsu suka sauka a kan littattafai. Kwanon rufi ya ɗauki rawa, taragai suna ta wucewa kamar ba za su ƙare ba.

Ya wuce. Mama Angelina ta saki sautinta, masu muryar sama suka kama cif. Masu muryar ƙasa kuwa suka shigo kowa da tata, wata sama wata ƙasa, kamar awaki sun ga kura. Wata ta fashe da dariya, waƙa ta watse.

“Binta, me ke nan?” in ji Mama Lucia. “Kuka ko waƙa?”

“Mama, yatsana na kan layi,” in ji Binta, wata matar aure mai baki. “Ga shi nan, ban ɗaga ba. Layin na sani, muryar ce jirgi ya tafi da ita Fatakwal.”

“Ni tawa na riƙe,” in ji Mama Angelina. “Maƙogwaro ɗaya Allah ya ba ni.”

Mama Lucia ta riƙe ƙugu. “Laifina ne. Mun ƙara murya, ba mu ƙara mai riƙewa ba. Binta, daga yau in jirgi ya zo, ke za ki riƙe ta ƙasa.”

Maganar nan ta tsaya wa Emilia a kai: an ƙara, ba a ƙara mai riƙewa ba. Allon ninkawa na watan Fabrairu. Yana da rajista biyu nasa na kansa, inda yake riƙe lamba yayin da yake ninka ta. Uwar umarni kuwa Bature ya rubuta ta tun kafin allon ya zo. Sannan ga lokaci: lissafin farko da ƙarfe tara aka fara, aka gama da biyu, ya ratsa ta ƙarfe ɗayan Kambai. Na Asabar kuwa an gama kafin sha biyu.

Ta ajiye tulun a benci ta fita. Mahaifiyarta ta kira sunanta sau biyu, ba ta juyo ba.

Mil huɗu ne zuwa tashar, ta taka kekenta kamar ana bin ta, hadari yana haɗuwa ta gabas. Ta iso biyar ta wuce, janareta duk a kashe. Ta buɗe ƙofar ɗakin ta bar ta a buɗe don haske, ta jawo babban kundin uwar umarni, ta buɗe wurin ɗaukewar wuta, ta sa yatsa tana ƙirgawa. Ajiye ta farko. Ajiye ta biyu. Har takwas. Daga nan sai umarnin tsayawa. Babu ta tara, babu ta goma.

Ta jawo ɗan littafin da ya zo da allon. A shafi na goma sha huɗu, can ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa duk wanda ya sa wannan allo dole ya ƙara rajistansa biyu cikin abin da ake ajiyewa in wuta ta yi rauni. A bangon littafin ga sa hannunta, da kwanan wata. Ta tuna ranar. Ta karanta har shafi na goma sha biyu, allon ya yi aiki, murna ta sa ta rufe littafin.

Wanda ya jawo wa Kawu bencin baya ba Kaduna ba ce, ba Injin ba ne. Kuma babu hanyar wanke shi sai ta buɗe shafin nan a gaban mutane.

Ta sami Kambai yana kulle ɗakin janareta.

“Baba Kambai, ka taimake ni ka tayar min da wuta, minti talatin kawai.”

“Sista, biyar ya wuce. Manaja ya tafi da makullin mai. Ko uwata ce ta tashi daga kabari, sai gobe.”

Haka ta koma gida ruwa na dukanta, da dalili a kai wanda ba ta gwada ba ko sau ɗaya.

Juma'a ƙarfe goma motar Kaduna ta iso. Malam Nuru ne aka turo, wani siriri mai farar riga, masanin lissafi, ba ya yawan magana. Kawu Zamani ya zo da kwat ɗinsa na Lahadi, aka ce ya jira a waje, ya zauna ƙarƙashin mangwaro ya ɗora hularsa a gwiwa. A ofis, Malam Nuru ya fito da ambulan mai takardar korar ya ajiye a kan tebur, bai buɗe ba.

“An ce kina da magana.”

“Ranka ya daɗe, ba magana ba ce, gwaji ne. Ina roƙo ku zo ɗakin Injin. Zan sa ya ba da amsa biyu ga tambaya ɗaya a gabanku.”

Mista Wilfred ya tashi, suka bi bayanta.

A ɗakin sanyi ta miƙa wa Malam Nuru takarda ta ce ya zaɓi lamba biyu da kansa, ya ninka da hannu. Ya rubuta 417 da 86, ya yi aikinsa, ya sami 35862. Ta shigar da wani gajeren umarni: Injin ya yi ta ninka lambobin nan ba tsayawa, ya buga amsar farko, daga nan ya yi shiru. In har amsa ta taɓa saɓawa, ya kaɗa ƙararrawar tafireta ya buga ta. Tafireta ta buga 35862, ta yi tsit.

“Yanzu fa?” in ji Malam Nuru.

“Yanzu sai a juya wuta, kamar yadda ake yi kullum da ƙarfe ɗaya.”

Aka kira Kambai. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon agogonsa. “Sha ɗaya saura. Lokacinsa bai yi ba.”

“Kambai, je ka yi,” in ji manaja.

Ya tafi yana gunaguni. Suka ji ƙaramin janareta ya tashi. Fitilu suka mutu, ɗaya, biyu, uku, suka dawo. Injin ya ci gaba da ƙyaftawa. Tafireta ba ta ce uffan ba.

Emilia ta juya wurin Malam Nuru. “Ba kullum yake faɗawa ba, ranka ya daɗe. Sai in wutar ta same shi lambar tana hannun allon. A sake.”

Mista Wilfred ya leƙa ya ɗaga wa Kambai hannu. Fitilu suka mutu, suka dawo. Shiru. Na'urar sanyi ce kawai ke huci. Emilia ta dubi tafiretar. Ta fara tunanin ko ta yi kuskure, ko allon yana da wata dabarar da ba ta sani ba, ko jiya tsoro ne ya nuna mata abin da take so ta gani. Ta ƙofar da ke buɗe tana hango ƙafafun Kawu ƙarƙashin mangwaro, takalman nan da ya goge.

Malam Nuru ya duba agogo. “Malama, ina da hanya mai nisa.”

“Sau ɗaya kawai.”

Kambai ya dawo da ɗingishinsa. “Oga, wannan ba wasan yara ba ne. Janareta ba ya son a yi ta juya shi. In ya ƙone, ni za a kama.”

“Baba Kambai,” in ji Emilia, muryarta ta sauka. “Dubi wanda ke zaune can.”

Kambai ya juya ya dubi gindin mangwaro. Ya ja tsaki, ba da ita ba, ya koma.

Fitilu suka mutu. Ɗaya. Biyu. Uku. Suka dawo. Ƙararrawa ta kaɗa sau ɗaya, tafireta ta zabura ta buga wata lamba da ba ta haɗa dangi da 35862 ba.

Malam Nuru ya matsa, ya yage takardar, ya ɗora ta kusa da lissafin hannunsa. Ya daɗe yana kallo.

“Yi min bayani. A hankali.”

Ta buɗe kundin ta nuna masa layuka takwas. Ta ce Injin yana tuna inda ya tsaya, amma yana dawowa ba tare da abin da ke hannun allon ba, sai ya ɗora da duk shirmen da ya tarar a ciki, bai san ya yi asara ba. Ta kawo littafin aiki na ranar lissafin farko: an fara tara da minti goma, rukuni biyar ne, kowane awa guda. Gonakin bakin rafi su ne rukuni na huɗu.

“Sha biyu da minti goma zuwa ɗaya da minti goma,” in ji Malam Nuru da kansa. “Lamba ɗaya ta ɓata gona goma sha ɗaya?”

“In ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da ita, ee.”

Ya gyaɗa kai. “To aikin wa ne ya ƙara layukan nan biyu?”

Mista Wilfred ya yi gyaran murya. “Ai Baturen da ya kafa shi ne ya rubuta wannan. Ya tafi tun bara.”

Ƙofa ce ya buɗe mata, kuma ta gane. Ba wanda zai bi Bature ƙasarsu. Amma Malam Nuru mutum ne mai bin kwanan wata, in ya kama ƙarya ɗaya a ɗakin nan, duk sauran sun zube, har da Kawu. Ta ɗauko ɗan littafin, ta buɗe shafi na goma sha huɗu, ta juya bangon ya ga sa hannun.

“Bature ya tafi kafin allon ya zo, ranka ya daɗe. Ni na sa shi. Ban karanta har nan ba.”

Malam Nuru ya karanta ƙananan haruffan. Bai ɗaga murya ba. “Kin san wannan zai shiga fayil ɗinki.”

“Na sani.”

“Za ki iya gyarawa yanzu? In kin gyara ya daina, na yarda wannan ne ciwon. In bai daina ba, ban ga komai ba tukuna.”

Ta zauna gaban makunnai. Umarni huɗu ne, biyu na ajiyewa, biyu na mayarwa, sai ta shigar da su lamba-lamba da yatsa. Abin da ke damunta shi ne lokaci. Daga sanda wuta ta yi rauni zuwa mutuwarta, bai kai ƙiftawar ido ba. Takarda ta ce zai isa a kwashe goma, amma masu takardar ba su san ƙaramin janaretan Kambai ba. In bai isa ba, Injin ba zai ma tashi ba. Ta duba kowace lamba sau biyu, yadda Kawu ke duba sikeli, sannan ta tayar da gwajin.

Sau goma sha biyu Malam Nuru ya sa aka juya wuta. Kambai ya daina gunaguni tun a na biyar, yana juyawa yana leƙowa. Kowane karo fitilu suka mutu, Emilia tana riƙe numfashi har su dawo. Kowane karo Injin ya tashi. Ƙararrawa ba ta ƙara kaɗawa ba.

Malam Nuru ya ce a fito da tef ɗin daga durowa a ba Injin, zai jira awa biyar ɗin, hanya ta jira shi. Ambulan ɗin kuwa ya mayar cikin jaka. Ya ce wa manaja, “A gaya wa dattijon nan ya tafi gida. A ba shi haƙuri. A'a, bari, ni zan ba shi.”

Ya fita ya je gindin mangwaro. Emilia ta ga Kawu ya miƙe, ta ga baƙon ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana magana. Ba ta ji abin da aka ce ba. Sai da baƙon ya koma ofis sannan ta fito.

“An ce ke za a rubuta wa takarda,” in ji Kawu.

“Ee, Kawu. Ni ce na jawo maka. Shafi biyu ne ban karanta ba.”

Ya juya hularsa a hannu, ya sake juyawa. “Sau nawa na ce miki a duba sikeli?”

“Sau biyu.”

“To.” Ya sa hular. Ya kama kekensa da ke jingine, ya tsaya. “Kin ci abinci yau?”

“A'a.”

“Ki ci. Kin yi kama da kazar da ruwa ya doka.” Ya ɗaga ƙafa ya hau. “Zan biya wurin Fasto kafin ya ba wani karatun nan. In kin koma, ki gaya wa uwarki ta zaɓi waƙar da matanta suka iya.”

Ta tsaya har ya fita ƙofar tashar ya kama hanyar Kafanchan. Sannan ta koma ɗakin sanyi, inda Injin ke cin tef ɗin Kawu. Ƙarfe ɗaya daidai Kambai ya juya wuta, don dokarsa tana nan duk da wahalar safe. Fitilu suka mutu. A cikin duhun Emilia ta ƙirga a zuciyarta, ba uku ba, har goma.